Tsirran Magani da Aka Sauya wa Gado: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da labarin waken zamani da masarar zamani ya ƙetaro iyaka, wato irin da aka sauya wa gado a ɗakin gwaji, waɗanda ake ce wa OGM a nan Nijar, GMO a Najeriya, maganar ba ta kwanta ba a Damagaram. Ana yin ta a fadar samari wajen shan shayi, ana yin ta a rediyo, ana yin ta a rumfunan masu saiwa da sassaƙe na kasuwar Dole. Akwai reshe guda na zancen da ba a cika taɓawa ba, wato tsirran magani, waɗanda masana ke sa wa hannu a gado domin su riƙa fitar da sinadarin warkarwa fiye da yadda suka saba.

Wai me ake nufi da sauya wa tsiro gado?

Kowace halitta mai rai tana ɗauke da tsarin ginin jikinta cikin wani siririn zare da ido ba ya gani, sunansa DNA, 'yan lakwal na ce masa ADN. Zaren gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa da abin da take riƙe da shi: wata tsayin kara, wata launin fure, wata ɗacin ganye. Gaɓoɓin nan su ne ƙwayoyin gado. A tsiron da ake ciro maganin zazzaɓin cizon sauro an ƙirga fiye da 60,000.

Manomi ma yana juya gado, sai dai da sannu. In ya ware zangarniyar hatsin da ta fi cika ya ajiye ta iri, bana da baɗi da gaba, gadon gonarsa ne yake karkatawa inda yake so. Abin da ɗakin gwaji ya ƙara shi ne zuwa kai tsaye wurin ƙwayar da ake nufi: a ƙara mata ƙarfi, ko a rufe mata baki, ko a ɗauko wata daga jikin wata halitta a dasa. Taba na cikin tsirran farko da aka yi wa haka, a 1983. A 2012 kuma aka fito da dabarar CRISPR, mai yanka zaren daidai inda aka auna.

To me ya hana a noma tsiron da yawa, a bar shi yadda aka same shi?

Tsiro ba don mu yake haɗa waɗannan sinadarai ba. Kansa yake karewa daga tsutsa da fara da bakin akuya, shi ya sa yawancin magungunan daji ke da ɗaci ko bauri. Kuma iya buƙatarsa yake yi, ba ya ɓarna.

Akwai wani ɗan fure mai ruwan hoda, wani lokaci fari, da ake shukawa don ƙawa a ƙofar ofisoshi. Asalinsa tsibirin Madagaska, masana na ce masa Catharanthus roseus. A ganyensa aka gano vinblastin a 1958, sannan vinkiristin, magunguna biyu na sankara. Na biyun yana cikin waɗanda suka sa sankarar jini ta yara ta zama cutar da ake tashi daga ita. Amma sai an tara busasshen ganye wajen kilo 500 kafin a samu giram 1 na vinblastin, vinkiristin kuwa sai wajen tan 2.

Wanda ya fi shafarmu shi ne artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ginshiƙin Coartem da allurar artesunat da ake yi wa yaro in zazzaɓi ya yi tsanani. Wata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka ciro shi a 1972 daga wani tsiro na ƙasarsu mai suna Artemisia annua. A busasshen ganyen, abin da ake samu ya kan tsaya ƙasa da kashi 1 cikin 100, wani ganyen ma bai kai kashi 1 cikin 1000 ba. Zazzaɓin kuwa yana kashe mutum wajen 600,000 a shekara, akasari ƙananan yaran Afirka, kuma Nijar na cikin ƙasashe huɗu da suka kwashe fiye da rabin wannan asara, tare da Najeriya da Kwango Kinshasa da Tanzaniya. In eka guda ta ba da ninkin abin da take bayarwa, an rage fili, an rage kuɗin tacewa.

Ta yaya ake sa ganye ya ƙara abin da bai saba ba?

Wanda ya taɓa leƙa majema ya san fata ba ta jemuwa a hannu ɗaya. Wani ya jiƙa, wani ya sa toka ya kankare gashi, wani ya tsoma a ruwan bagaruwa, wani ya murza da mai, sannan a kai ga mai rini. In mai kankara shi kaɗai ne, hannunsa kuma da nauyi, fatu sai su taru a gabansa, na gaba su zauna hamma. Sinadarin magani ma haka yake bi hannu-hannu a jikin ganye. Ma'aikatan su ne wasu furotin da ake kira enzim, kowane enzim kuma akwai ƙwayar gadon da ke yin sa. Na vinblastin matakansa wajen 30 ne.

Aikin masani na farko shi ne gano wane hannu ke da nauyi. In ya gano, sai ya ƙara yawan ƙwayar gadon wannan mataki, ko ya sa ta aiki ba hutu. Wani lokaci ɗanyen kayan ne ke zurarewa zuwa wani aiki dabam, sai a rage wa wancan aiki ƙarfi. Akwai kuma ƙwayoyin gadon da aikinsu ba da umarni ga sauran, in aka tayar da guda matakai da yawa su tashi tare.

Shigar da ƙwayar fa? Nan an ari dabarar wata bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Agrobacterium. Ita da ma sana'arta ke nan: ta shiga ta raunin tsiro, ta cusa masa guntun zarenta, tsiron ya yi ƙulli yana ciyar da ita. A shekarun 1970 Marc Van Montagu da Jeff Schell a Beljiyam, da Mary-Dell Chilton a Amurka, suka gane sirrin. Sai aka cire guntun da ke kawo cuta, aka maye gurbinsa da wanda ake so. Ana yayyanka ganye, a jiƙa shi da bakteriyar, a raine shi cikin kwalba har ya yi toho da saiwa.

An taɓa cin nasara, ko dai duk zancen takarda ne?

An ci, a ɗakin gwaji da filin gwaji. A 1992 wasu masana a Japan suka ɗauko ƙwayar gado guda daga wani tsiro suka dasa wa beladona, 'yar dangin zaƙami. Da ma beladona wani sinadari take tarawa wanda ba a cika nema ba. Bayan dashen sai kusan dukkansa ya koma sikopolamin, wanda daga shi ake yin Buscopan na murɗar ciki. A 2016 cibiyar Max Planck ta Jamus, ƙarƙashin Ralph Bock, ta kwashe jerin ƙwayoyin gadon Artemisia ta zuba wa taba, tabar ta fara yin sinadarin da kaɗan ya rage ya zama artemisinin, miligiram 120 a kowane kilo. A 2018 rukunin Kexuan Tang a jami'ar Jiao Tong ta Shanghai ya ƙarfafa ƙwayoyi uku lokaci guda a jikin Artemisia kanta, artemisinin ɗin ganyen ya kai kashi 3.2 cikin 100.

Sai dai da sauran rina a kaba. Artemisinin ɗin da ke cikin ƙwayoyin da muke sha, har yau akasarinsa daga gonakin Sin da Biyetnam da Madagaska da gabashin Afirka yake fitowa, daga irin da aka zaɓa ta hanyar da aka saba. Tsiron da ya yi bajinta a tukunya cikin ɗaki ba lalle ya maimaita a fili ba. Neman izinin fitar da shi gona yana cin shekaru da kuɗi, kasuwar tsiron magani kuwa ƙarama ce in aka gwada ta da ta masara ko auduga, don haka kamfanoni ba sa rububi.

Na ji an ce yanzu ba a ma buƙatar tsiron, a tanki ake yi. Gaskiya ne?

Rabinta gaskiya ne. Jay Keasling na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ga cewa maimakon a yi ta lallashin tsiro, gara a kwashe ƙwayoyin gadonsa a ba yis, wannan dai da ake kwaɓa burodi da fanke da shi. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dalar Amurka miliyan 42.6 a 2004. A 2006 yis ya fara fitar da tushen maganin, zuwa 2013 ya kai giram 25 a kowace lita. Kamfanin Sanofi ya buɗe masana'anta a Garessio ta Italiya mai iya yin tan 50 zuwa 60 a shekara, wajen sulusin buƙatar duniya a lokacin. A watan Agustan 2014 aka fara aiko da maganin, na mutum miliyan 1.7, zuwa ƙasashe shida, Nijar na ciki. Wato mai yiwuwa wani yaro a ƙasar nan ya sha shi ya warke, uwarsa ba ta san daga tanki ya fito ba, kuma ba abin da zai nuna mata, don sinadarin guda ne.

Sannan kasuwa ta yi halinta. Farashin artemisinin da ma hawa da sauka yake yi. Kilo ya haura dalar Amurka 1,000 a 2005, manoma suka ruga suka shuka, ya faɗo ƙasa da 200 a 2007, suka watsar, ya sake tashi. Lokacin da Sanofi ya shigo, manoman Asiya sun cika kasuwa, kilo ya sauka ƙasa da 250, na tanki kuwa sai 350 zuwa 400 yake fita. A 2015 masana'antar ba ta yi ko kilo ɗaya ba, a 2016 aka sayar da ita ga kamfanin Huvepharma. Manomi da fartanyarsa ya fi tanki araha, aƙalla a wannan zagaye.

Malam, ni tazargade nake sayarwa tun ina saurayi. In aka kawo mai ƙarfin, ba sai mu dafa mu sha mu huta da sayen ƙwaya ba?

Baba, a nan ne ya kamata a yi hattara. Dangin Artemisia ɗaruruwa ne, kuma sunan tazargade, wanda ya ƙara tashe a 2020 lokacin da Madagaska ta fito da ruwan maganinta na korona, ana ba shi ga fiye da guda. Na Sin ɗin, wato Artemisia annua, shi ne ke da artemisinin mai yawan da za a ambata. Yawancin sauran babu, ko ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ƙamshi da ɗaci kuwa ba sa nuna wanne ne.

Ko na Sin ɗin ne ma, ruwa ba ya jan artemisinin sosai, zafi mai yawa kuma yana lalata shi. Ita kanta Tu Youyou sai da ta bar tafasawa ta koma tacewa da ɗan ɗumi kafin ta dace. Ganyen gona biyu na iya bambanta nesa ba kusa ba, in kuma ya daɗe a ajiye cikin zafi irin na bazararmu, ƙarfinsa raguwa yake yi. Mai shan kofi guda bai san nawa ya sha ba.

Ga kuma wanda ya fi nauyi. Artemisinin yana kashe ƙwayar cutar da sauri, amma sa'o'i kaɗan yake yi a jini ya fice. Shi ya sa ake haɗa shi da wani magani mai daɗewa, irin lumefantirin da ke cikin Coartem, ya share ragowar, a kuma sha kwana uku cur. In aka sha shi kaɗai, bai kuma kai awo ba, zazzaɓi ya kan sauka, mutum ya ce ya warke, alhali ƙwayoyin da suka fi taurin kai sun tsira sun hayayyafa. Manya sun tuna lokacin da Nivaquine ke aiki, sun kuma tuna lokacin da ta daina. An fara ganin masu jure wa artemisinin a Kambodiya wajen 2008, yanzu an tabbatar da su a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fito fili a 2019 ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen, shayi ko gari, don magani ko rigakafin zazzaɓin.

Tsiron da aka ƙara wa ƙarfi masana'anta aka yi wa shi, inda za a tace, a auna, a buga ƙwaya mai sanannen nauyi. A tukunyar gida ƙarin ƙarfi ƙarin haɗari ne. Gyatumar da ta san iya filaskon da ya isa wankin ciki, da ganyen da ta saba ta koyi awonta. A ba ta mai ninki uku ba ta sani ba, sai a kwana a likita. Zaƙami kuwa, ko yadda yake ma mun ga abin da yake yi wa samari.

Akwai magani irin wannan a farmasinmu yanzu?

Akwai tun tuni, sai dai daga yis da bakteriya. Insulin ɗin masu ciwon suga tun 1982 ake yin sa da bakteriyar da aka dasa wa ƙwayar gadon ɗan Adam, kafin nan daga kayan cikin shanu da aladu ake ciro shi. Rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda ke cikin allurar Penta ta jarirai, yis ke yin sa tun 1986.

Ba shi da illa?

In sinadarin da aka tace ake nufi, artemisinin artemisinin ne ko daga ina ya fito. Zaren gado ba ya biyo shi cikin ƙwayar magani, kuma DNA kullum muke ci a tuwo da miya, ciki na narkar da shi. Amfanin gona na OGM tun 1996 ake cinsa da yawa, babban nazarin da cibiyoyin kimiyya na Amurka suka fitar a 2016 bai sami shaidar ya fi wanda aka saba cutarwa ba.

In kuwa tsiron ne a gona, akwai abin dubawa na gaske. Taɓa mataki guda na iya tayar da wani sinadarin da ba a nema ba, dole a auna duka. Iska da ƙudan zuma na kai garin fure ga dangin tsiron na daji. Sannan mu a nan gona ba ta da ƙofa: da an kwashe amfani dabbobi ke shiga, yara na tsinkar ganye, mata na neman na miya. Abin da ya faru a Nebraska ta Amurka a 2002 ya isa ishara. Kamfanin ProdiGene ya noma masara mai ɗauke da rigakafin wata cutar aladu, shekarar da ta biyo aka shuka waken suya a filin, gyauron masarar ya fito ya gauraya, sai da aka lalata wake fiye da tan 13,000. A ganina, sa magani cikin abin da ake ci, masara ko dawa ko wake, bai dace da ƙasa irin tamu ba, inda iri ke yawo daga buhu zuwa buhu. Tanki ko rufaffen lambu ya fi kwantar da hankali.

Ana cewa irin nan na hana haihuwa, kuma ba ya sake tsirowa.

Babu shaidar cewa irin da ke kasuwa na taɓa haihuwar mutum. Zancen rashin tsirowa kuwa yana da asali: a 1998 an yi rajistar wata dabara a Amurka mai sa 'ya'yan iri su mutu, duniya ta yi ca, a 2000 ƙasashe suka dakatar da ita, ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Irin da ya yi kyau bana ya lalace baɗi, wannan halin iri mai aure ne, ko an taɓa gadonsa ko ba a taɓa ba, masu lambun tumatir da kabeji sun san shi. Damuwar da ke da ƙafa ita ce ta mallaka: wa ke riƙe da takardar iri, kuma in ya ɗaga farashi ina za a nufa.

Malam, wannan ba canza halittar Allah ba ne?

Masu wannan tambaya ayar Suratun Nisa'i suke nufi, inda Shaiɗan ya sha alwashin zai umarci mutane su canza halittar Allah, kuma tambaya ce da ta kamata. Hukunci na malamai ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a 1998 kan wannan ilimi, ta halatta amfani da shi a magani da noma da kiwo, bisa sharaɗin a yi duk abin da zai hana cuta ga mutum da dabba da muhalli ko da nan gaba ne, ta kuma hana wasa da halittar ɗan Adam. Malamai kan kawo hadisin barbarar dabino, inda aka bar wa manoma sanin sana'arsu.

Wani abin mamaki ya fito a 2015. Masana a jami'ar Gent da cibiyar dankali ta Lima suka bincika nau'in dankalin Hausa 291, suka tarar duka suna ɗauke da guntun zaren Agrobacterium, wanda ya shiga tun dubban shekaru ba da hannun kowa ba. Inda aka fi tsayawa a tambaya shi ne in ƙwayar daga dabbar da aka haramta aka ɗauko ta. Ayyukan da aka ambata a nan akasari daga tsiro zuwa tsiro ne, ko daga tsiro zuwa yis.

Sabara, maɗaci, bagaruwa, marke, su ma za a taɓa su? Wa zai ci ribar?

Ba nan kusa ba. Kafin a ƙara wani sinadari sai an san wanne ke aikin, an gwada shi a kan majinyata, an gano ƙwayoyin gadon da ke yin sa. Na ɗan furen Madagaska shekara 60 aka yi ana nema, sai a 2018 rukunin Sarah O'Connor a Ingila ya cike gurbin ƙarshe. Yawancin itatuwanmu ko matakin farko ba a gama ba.

Maganar riba kuwa tana da tarihi. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace, tare da ma'aikatar noman Amurka, mallakar wata hanyar kashe funfuna da man dogon yaro, bishiyar nan da ta cika titunanmu. Indiyawa suka kawo shaidar cewa sun riga su yi, aka soke a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda Nijar ta shiga, ta ce duk mai ɗaukar tsiro ko ilimin gargajiya sai da izini da yarjejeniyar raba amfani. Amma yau ba sai an ɗauki buhun saiwa ba, jerin haruffan gado ake turawa ta intanet. Mai maganin da baƙo ya zo wa da kyamara da littafi yana da haƙƙin ya tambaya: wa ya aiko ka, ina takardar izini, me zai dawo wa garin nan.

Me doka ta ce a Nijar?

Nijar na cikin yarjejeniyar Kartajena mai kula da ƙetare iyaka da halittun da aka sauya wa gado, a 2019 kuma majalisar dokoki ta amince da dokar ƙasa kan wannan fanni. Maƙwabta sun riga mu gwadawa. Burkina Faso ta rungumi audugar OGM a 2008, ta bar ta a 2016 don zaren ya gajarce, farashi ya faɗi. Najeriya ta saki wake mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru, a 2019, da masarar TELA a 2024. Wanda ya san zirga-zirgar da ke tsakanin Magarya da Matamaye da kasuwannin Daura da Kano ya san tiyar wake ba ta nuna fasfo. Doka ba ta aiki a nan sai da na'urar gwaji da ma'aikatan da suka iya ta.

To mu da me za mu fara?

Da awo da zaɓe. Jami'ar York ta Ingila ta zana taswirar gadon Artemisia a 2010. Ba ta dasa komai ba, da taswirar ta gane iyayen da suka fi, ta haɗa su, ta fitar da iri mai aure da ke haura kashi 1 cikin 100. Hatsin Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da cibiyoyin binciken noma, ICRISAT ta ƙasa da ƙasa da INRAN ta Nijar, suka saki a nan a 2018, shi ma ta zaɓe aka samo shi. Burkina ta fitar da maganin FACA na masu sikila daga fasa-ƙwari da tumfafiya ba tare da taɓa gadon ko ɗaya ba, awo ta daidaita.

Irin wannan aiki bai fi ƙarfin jami'ar André Salifou da ta Abdou Moumouni da INRAN da LANSPEX, ɗakin gwajin magunguna na ƙasa, ba in an ba su kayan aiki. A tattaro filasko ko yakuwa ko zogale tun daga Tanut har Magarya, a auna wanne ya fi, a wane wata ya kamata a tsinka, a inuwa za a shanya ko a rana, wata nawa yake yi kafin ya salance.

Akwai ma abin da ya fi gaggawa. Maɗaci da ƙirya da ɗanya da ake sassaƙe wa ɓawo zagaye, mutuwa suke yi a tsaye, don ta jikin ɓawon ne abinci ke sauka zuwa saiwa. Kowace bishiya da ta faɗi ta tafi da nata gadon, wataƙila ita ce mai ƙarfin da ake nema. Manoman Mirya da Magarya da Matamaye da suka dawo da miliyoyin gawo ta hanyar barin toho a gona sun nuna ana iya raya itace in an sa kai.

Ina da lambu da rijiya. In shuka Artemisia in sayar?

Ɗan'uwa, nemi mai saye kafin ka nemi iri. Ganyen sai a masana'antar tacewa yake da daraja, ita kuma tan-tan take saye bayan ta auna ƙarfinsa, manyan masana'antun kuwa suna Sin da Biyetnam da Madagaska da gabashin Afirka. Kuɗin mota kaɗai zai cinye ribar. Tsiron ma ɗan ƙasar sanyi ne. Gajeren yini ke sa shi fure, a yankinmu kuwa yini ba ya tsawon da ya saba da shi a can, sai ya yi fure tun yana ƙarami, da ya yi fure kuma ganye ya tsaya. Shi ya sa masu nomansa a Afirka suka fi yawa a tuddai masu sanyi na Kenya da Tanzaniya da Madagaska, da irin da aka zaɓa don jinkirin fure. Yana son ruwa, yana kuma riƙe fili watanni da dama, lokacin da albasa ko tumatir ko barkono za su ba ka kuɗi a hannu. In kuma wani ya zo maka da ƙullin iri ya ce na OGM ne mai ninki uku, tambaye shi takardar izinin shigo da shi, ka nuna wa malamin gona na yankinku kafin ka zuba a fangali.